Babi Na 7: Yadda Nahiya Take Tsagewa Gida Biyu

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, sannunku da zuwa. Kowa ya ɗora yatsa a kan kalmar farko: NA-HI-YA. Gaɓa uku ce. Nahiya babban yankin ƙasa ne, kamar Afirka da muke zaune a kanta. Kalma ta biyu: TSA-GA. Ku lura, "t" da "s" sun haɗu sun ba da sauti guda. Ku maimaita sau uku. Madalla.

Ƙasar da muke takawa ɓawo ce mai tauri. Can ƙarƙashinta akwai dutse mai tsananin zafi wanda yake motsi sannu sannu. Ɓawon nan ba guda ɗaya ba ne, ɓalli-ɓalli ne kamar sakainar ƙwarya da aka jera. Idan zafi ya taso daga ƙasa, ɓawon yakan kumbura, sannan ya fara jawuwa, wani ɓangare gabas, wani yamma.

Darasi na 2

Yau da hannu za mu yi karatu. Kowa ya zo da kwaɓin fulawa mai tauri, irin na cincin. Ku mulmula shi ya yi tsawon tafin hannu, ku shimfiɗa a kan faranti, ku yayyafa busasshen gari a samansa. Kwaɓin shi ne ƙasa.

Ku kama gefen dama da hannun dama, gefen hagu da hannun hagu. Yanzu ku ja, a hankali. Na ce a hankali. Nan ne kowa yake tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne, kusan duk ajin da na koyar haka suka fara. Wanda ya fizga, kwaɓin zai katse masa nan take, bai ga komai ba. Ya sake mulmulawa, ya sake kamawa, ya ja a hankali, idonsa a tsakiya.

Me kuka gani? Da farko tsakiyar ta sirance. Sai ta lotsa ta zama kwari, garin da ke sama ya daddare. Can daga baya ne kwaɓin ya rabu. Idan kuka tsiyaya ruwa kaɗan a farantin, zai kwanta a cikin ramin. To, haka teku yake samuwa. Ku rubuta a jere: sirancewa, lotsawa, tsagewa, shigar ruwa.

Mu sake. Hannu biyu, a hankali. Baba, hannunka ya yi sauri, sassauta. Inna, yauwa, haka ake yi, Allah ya yi albarka.

Me ya sa nake nanata wannan? Ku ɗauko rula, ku nemo lamba 0 da lamba 1. Abin da ke tsakaninsu shi ne santimita ɗaya, bai wuce faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Bahar Maliya, wadda alhazanmu suke ƙetarewa kafin su sauka Jidda, tsaga ce irin wannan. A da ƙasar Larabawa manne take da Afirka. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce ta fara rabuwa, har yau kuma tekun yana ƙara faɗi da wajen santimita ɗaya a shekara. A shekara, ba a rana ba. Farcenku ma ya fi shi saurin tsiro.

Makon jiya na ce kowa ya gwada a gida. Mutum nawa suka yi? Wasu sun dawo suna gaya mini wai Afirka za ta dare gobe, sun ji a waya. Haba jama'a! Da kun ja kwaɓin nan a hankali kamar yadda na roƙe ku, da ba ku ɗauki wannan magana ba. Karatu ba ya shiga da gaggawa. A sake kamawa, a ja a hankali.

Darasi na 3

Ku buɗe taswira a gabashin Afirka. Akwai dogon kwari da ya taso daga yankin Afar a Habasha, ya ratsa Kenya da Tanzaniya, ya gangara Mozambik. Tafkin Tanganyika da tafkin Malawi a cikin kwarin suke kwance. Wurin yana matakin lotsawa, buɗewarsa ba ta kai santimita ɗaya a shekara ba.

A watan Satumba na 2005, ƙasa ta tsage kusa da dutsen Dabbahu a Afar, tsawon kilomita 60, wani wurin faɗin ya kai mita 8, duk cikin 'yan makonni. Za ku ce ai ga sauri nan. A'a. Ƙasar ta daɗe tana jawuwa a hankali kafin ta saki.

Darasi na 4

Ba kowace tsaga take zama teku ba. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Amurka ta Kudu take rabuwa da Afirka, wani reshen tsagar ya shigo ta inda Nijeriya take yanzu, sai ya tsaya. Shi ne kwarin Binuwai. Teku ya taɓa shiga cikinsa, shi ya sa ake samun ƙwanson halittun teku a dutsen siminti na Ashaka a jihar Gombe.

Darasi na 5

Ku duba taswira. Kafaɗar Barazil, da ke Amurka ta Kudu, ta dace da lungun da gaɓar Nijeriya da Kamaru take, alamar cewa a da manne suke.

Ku kwafi kalmomin nan huɗu na darasi na 2, sau biyar biyar. A zo da fensir.