Yadda ake gano ko kogunan Binuwai sun yi ambaliya tare

Yawancin ɗaliban da ke bincike kan ambaliyar 2012 ko ta 2022 a Lagdo suke tsayawa: Kamaru ta saki ruwan dam, garuruwa sun nutse, shi ke nan. Irin wannan aiki bai kai rabin hanya ba.

Da farko ka nemi taswirar da ke nuna tuddai. Binuwai daga tsaunukan Adamawa na Kamaru yake tasowa, kuma dam ɗin Lagdo, da aka gama a 1982, yana sama da Garwa. Cikin kogunan da ke zuba a Binuwai, Faro yana shigowa kusa da iyaka kafin Yola, Gongola a Numan, sai Taraba, da Donga mai gangarowa daga Mambila, da Katsina-Ala daga tsaunukan Bamenda. Dukkansu a ƙasan Lagdo suke haɗuwa da Binuwai, dam ɗin ba shi da iko da su.

Sai ka samo ma'aunin tsayin ruwa na kullum daga NIHSA, hukumar da ke lura da ma'aunin ruwan koguna a Najeriya. Na kullum na ce, don jimlar wata tana ɓoye ranar cika. Idan kuɗin mota zuwa Abuja ya fi ƙarfinka, tura takarda ta hannun sashenku, ka cike giɓi da rahotannin jaridu masu kwanan wata.

Ga inda ake faɗuwa. Ɗalibi zai jera ranakun, ya ga Yola ta cika yau, Makurdi sai bayan kwanaki, ya ce babu alaƙa. Ruwa tafiya yake yi, ai. Kogin tsauni gajere mai gangare yakan tumbatsa nan da nan bayan mamakon ruwa, shi kuwa babban kogi a hankali yake kumbura. Abin tambaya shi ne: ranar da cikar Katsina-Ala ta iso bakin Binuwai, ruwan da ya gangaro ta Yola ya riga ya iso wurin? Ni nakan ɗauki tazarar mako guda in zagaye duk kogin da ya kai ƙololuwa a ciki. Kuma ka duba ruwan saman Agusta. Ƙasar da ta ƙoshi ba ta ƙara sha, don haka hadari guda a Satumba kan tayar da koguna da yawa lokaci ɗaya.

Sauran mai sauƙi ne. Maimaita na shekaru goma aƙalla, ƙirga sau nawa kowane kogi biyu suka cika tare, sannan ka ɗora na kogin Neja a Lokoja ka gani.