Fatsa a tafkunan Minesota, daga bakin ɗan unguwar Nima

Kafin ka bar Ankara, babban birnin Gana, ka sani, ruwan can ba irin na tafkin Bolta ba ne, sanyinsa har ƙashi. Da na je wurin ƙanena a jihar Minesota ta Amurka, abin da ya fara sa ni yi shi ne yankar lasisin kamun kifi. Kai ma yanka, masu gadin ruwa ba su san "ni baƙo ne" ba.

Kifin wolai, mai ido kamar gilashi, ba ya son hasken rana. Fita da asuba ko dab da magariba, soka matsattsaku ko tana a ƙugiya, ka bar ta ta sauka ƙasa wurin duwatsu, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Cizonsa a hankali yake, kamar yaro na jan gefen riga.

Shi kuwa paik ɗan fashi ne, yana laɓe cikin ciyawar bakin ruwa. Ɗaura siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa su datse zaren. Kada ka sa yatsa a bakinsa, da filaya ake zare ƙugiya. Tabon nawa yana nan. Namansa da daɗi, sai dai ƙaya.