Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen fankar kwamfuta, da yadda ake gyara su

Mafi yawan masu kukan cewa kwamfutarsu ta cika ƙara, sai su zarce kasuwa su sayo sababbin fankoki ba tare da sun gano wace ce ke ihun ba. A cikin akwati ɗaya akwai fankokin jikin akwatin, akwai ta kan furosesa, akwai na katin girafik, ga kuma ta cikin akwatin wuta. Idan katin girafik ne ke ƙugi lokacin wasa, ko ka canza fankokin akwatin duka ƙarar tana nan. Buɗe murfin gefe, ka sa wa kwamfutar aiki mai nauyi, sannan ka riƙa rage gudun fankokin ɗaya bayan ɗaya ta manhaja kana saurare. Fankar akwati ana iya tsayar da ita na daƙiƙa biyu ta hanyar danna yatsa a cibiyarta, ba a kan fuka-fukan ba. Akwatin wuta kuwa kada ka buɗe shi, kada ka zura masa komai, domin yana riƙe caji ko bayan an cire filogi. Akwai kuma wani siririn tsuwwa mai sauyawa da abin da ke kan allo. Wannan daga kayan lantarkin katin yake fitowa, babu fankar da za ta yi maganinsa.

Gaskata lambobin da ke jikin kwali

Lambobi huɗu ake rubutawa: gudu a RPM, wato juyi nawa a minti, yawan iskar da take turawa a ma'aunin CFM ko m³/h, ƙarfin turi a mmH₂O, sai ƙara a dB(A), wato desibel. Kuskuren shi ne a ɗauki kwali biyu na kamfanoni daban-daban a kwatanta kai tsaye. Kowane kamfani da yadda yake awon ƙara da nisan da yake ajiye makirufo, saboda haka 20 ɗin wannan ba lallai ta fi 25 ɗin wancan shiru ba. Yawan iskar da aka rubuta kuma an auna shi ne babu komai a gaban fankar, ƙarfin turin kuwa an auna shi ne hanyar iska a toshe gaba ɗaya. Fankarka ba za ta taɓa aiki a ɗayan yanayin nan biyu ba, a tsakaninsu take rayuwa. Misali Noctua NF-A12x25, wadda ta fito a 2018, an rubuta mata 102.1 m³/h, kusan CFM 60 ke nan, a RPM 2000. Akwai fankoki masu arha da suka fi ta lamba a takarda, amma da zarar an sa raga ko lagireto (na masu sanyaya furosesa da ruwa) a gabansu sai iskar ta zube, ita kuwa tana riƙe da tata saboda tazarar rabin milimita kacal da ke tsakanin bakin fiffikenta da firam. Gwajin da ya kamata ka nema shi ne wanda aka daidaita ƙarar fankokin a mataki ɗaya, sannan aka duba wacce ta fi sanyaya.

Desibel ma ba lissafin tarawa ba ne irin na yau da kullum. Fanka biyu iri ɗaya ba sa ninka lambar, desibel 3 kawai suke ƙarawa a kan ta guda. Kunne kuma sai an ƙara kamar desibel 10 yake jin ƙarar ta ninka.

Neman iska daga gudu maimakon girma da yawa

A nan ne aka fi asara. Iskar da fanka ke turawa tana tafiya daidai da gudunta: ka rage gudu da rabi, iska ta ragu da rabi. Amma ƙara ba haka take sauka ba, faɗuwa take yi da kusan desibel 15. To ka haɗa wannan da lissafin baya: fanka biyu a RPM 900 suna tura kusan iskar da guda ɗaya ke turawa a 1800, alhali ƙararsu ta yi ƙasa da tata da kusan desibel 12. A kunne, ƙarar ba ta kai rabi ba. Shi ya sa mai sayen fanka ɗaya mai RPM 3000 don ta wadatar da akwati yake ƙarewa da abin da ba ya iya zama kusa da shi.

Haka batun girma yake. Idan akwatin yana karɓar ta milimita 140, sa ta maimakon ta 120, domin tana ba da iska iri ɗaya a gudu mafi ƙanƙanta. Duba ramukan sukuru kafin saye: tazararsu milimita 105 ce ga ta 120, ga ta 140 kuma 124.5. Kauri ma a duba shi. Na yau da kullum milimita 25 ne, sirara 15, Phanteks T30 kuwa 30, kuma wannan ƙarin milimita biyar ɗin ya isa ya sa ta tokari RAM ko katin girafik idan a saman lagireto za ta zauna.

Sai dai a kula da abu guda. Ƙarfin turi yana faɗuwa fiye da iska: rabin gudu, rubu'in turi. A fili wannan ba matsala ba ce, amma a kan lagireto mai kauri ko bayan matatar ƙura mai ƙananan idanu, fankar da aka rage wa gudu da yawa sai ta riƙa juyawa iska ba ta ratsawa. A irin wuraren nan a sa mai faffaɗan fiffike da ƙaramar tazara, irin su Arctic P12 ko P14. Ita P12 tana da arha kuma tana aiki ƙwarai, amma an san ta da wani gurnani a wajajen RPM 1000. Maganinsa a tsallake wannan gudun, a ajiye ta ƙasa da shi ko sama da shi.

Akwatin da ya shaƙe fankar

Akwati mai gilashi ko rufaffen roba a gaba, wanda iska ke shiga ta 'yan tsagogi a gefe, ya fi kowace mummunar fanka illa. Fankar na ja, ba ta samu, sai ta ƙara ƙugi. Gwajin mai sauƙi ne: cire murfin gaba, ka maimaita aikin da ke sa zafi. Idan zafin ya sauka da digiri 5 ko fiye, laifin na akwatin ne, kuma kuɗin fankoki masu tsada gara a tara su a sayi akwati mai raga a gaba.

Juya fanka baibai ma ya zama ruwan dare. Iska tana shiga ta buɗaɗɗen ɓangare, ta fita ta inda sandunan da ke riƙe mota da takardar lambobi suke. Wasu na da kibiya a gefen firam. Masu juyayyen fiffike da ake yi don ado akasin haka suke, don haka a gwada da 'yar takarda mai laushi. Tsarin da ke aiki a yawancin akwatuna shi ne biyu ko uku a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, in an so a ƙara ɗaya a sama daga can baya. Wadda ake sawa a sama daga gaba tana fitarwa sau da yawa ɓarna take yi, tana kwashe iskar sanyin da ta shigo kafin ta isa furosesa. Bayan fanka huɗu ko biyar, abin da ake samu a kowace ƙari ɗan kaɗan ne.

Ga mai zama a Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram, wannan tsari ya wuce batun zafi kawai. Idan iskar da ke fita ta fi mai shiga, akwatin sai ya riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da ba ta da matata, kuma ƙurar hunturu ba ta buƙatar babbar kafa. A sa mai shiga ta ɗan fi mai fita, dukkan masu shigarwa kuma su kasance bayan matata. A tuna cewa matatar na cin wani kaso na iskar, don haka biyu masu shiga da biyu masu fita a gudu ɗaya ba daidai suke ba, masu fitar sun yi rinjaye. A lokacin hunturu a wanke matatar duk mako biyu, a bar ta ta bushe sarai. In za a hura ƙura da bulowa, a riƙe fuka-fukan kada su juya, domin gudun da ya wuce kima yana lalata boris, motar kuma tana iya mayar da wuta cikin madabod, wato babban allon da ake jona kayan kwamfutar a kansa. Ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa kan tebur shi kaɗai yana rage ƙura sosai.

Haƙori uku, haƙori huɗu

Fanka mai haƙori huɗu tana karɓar bolt 12 a kullum, haƙori na huɗun ne ke kai siginar PWM mai daidaita gudu. Mai haƙori uku kuwa sai an rage mata bolt take rage gudu. Duka biyun suna shiga soket ɗaya, kuma daga nan rikicin ke tasowa: idan ka sa mai uku a soket da aka saita a PWM, za ta yi ta gudu a ƙarshen ƙarfinta dare da rana. Shiga BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka mayar da wannan soket ɗin DC, saitin da ke rage gudu ta hanyar rage bolt. Kada kuma a rage mata bolt har ta kasa tashi, yawancinsu suna buƙatar bolt 5 zuwa 7 kafin su fara juyawa. Waɗanda ake jonawa kai tsaye a wayar Molex, irin da ke zuwa da akwatuna masu arha, ba su da saiti ko kaɗan, canza su ne kawai mafita.

Soket ɗaya na madabod yawanci amfiya 1 yake ɗauka. Fanka ta yau da kullum tana cin tsakanin 0.1 da 0.2, masu gudu sosai kuma 0.3 ko fiye, kuma a lokacin tashi suna jan fiye da haka. Tara lambobin da ke jikin takardunsu, kada jimillar ta wuce kamar 0.7 a soket guda. In sun fi haka, a yi amfani da ƙaramin akwatin rarrabawa mai ɗaukar wuta daga wayar SATA. Soket ɗin CPU_FAN, na fankar furosesa, kuma kada a bar shi fayau, wasu madabod ɗin tsayawa suke yi da saƙon kuskure.

Wayar fitilar ado daban take da ta mota. ARGB bolt 5 ce mai haƙori uku, tsohuwar RGB kuwa bolt 12 mai haƙori huɗu. Ka cusa ta 5 a soket na 12, fitilun sun ƙone nan take. Masu tsofaffin Dell OptiPlex na hannu su lura cewa da yawansu soket mai haƙori biyar suke da shi, da jerin wayoyi irin nasu. Fankar kasuwa ba ta shiga sai da wayar sauyi, kuma idan injin bai ga siginar gudu ba zai riƙa tsayawa yana neman a danna F1.

Boris

Fanka mafi arha a kan bushin take juyawa, da ɗan mai a ciki. Zafi yana busar da man, kuma ba ta son a kwantar da ita a sama ko ƙasan akwati, shi ya sa take fara kwaramniya da wuri a ɗaki mai zafi. Mai boris biyu tana jure zafi da kowace irin kwanciya, amma tana da ɗan sautin gurzawa da ake ji a ƙaramin gudu. Ga kwamfutar gida ko ofis, nau'in boris da ake kira FDB da danginsa, inda sandar ke yawo a kan rufaffen mai, su suka fi dacewa. Tsawon garanti yana nuna yadda kamfani ya yarda da borisinsa, Noctua alal misali shekara 6 take bayarwa. A ɗaure sukuru daidai wa daida, domin matsewa da yawa na murɗe firam. A kan lagireto kuma a yi amfani da sukurun da ya zo da shi, wanda ya fi tsayi zai iya huda bututun ruwa.

Barin saitin gudu yadda ya zo

Wannan gyaran kyauta ne, kuma sau da yawa ya fi sabuwar fanka tasiri. Kowane madabod yana da shafin saita gudu gwargwadon zafi: Q-Fan a ASUS, Smart Fan a Gigabyte da MSI, FAN-Tastic Tuning a ASRock. Abin da ya fi damun kunne ba tsayayyiyar ƙara ba ce, hawa da sauka ne. Furosesocin zamani zafinsu kan yi tsalle da digiri 10 ko 20 don kawai an buɗe burauza, ya sauko cikin daƙiƙu, fankar kuma ta yi ta binsa. A shimfiɗe farkon jadawalin: kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari har digiri 55, kashi 50 a 70, kashi 75 a 82, cikakken gudu a 90. Sannan a sa jinkirin hawa da sauka na daƙiƙa 3 zuwa 5, ko iyakar abin da madabod ɗin ya bari.

Kada a kwafi jadawalin wanda ɗakinsa ke digiri 22. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi ne ke ƙaruwa a kan furosesa, kuma babu fankar da ke sanyaya abu ƙasa da iskar da take ja. A bazara, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya yana iya haura 35, sai ka ga furosesa a 55 ba ya aikin komai. A irin wannan hali a matsar da shimfiɗaɗɗen ɓangaren zuwa 62 ko 65. Neman ganin digiri 60 a ƙarƙashin aiki mai nauyi wahalar da kai ce: yawancin furosesocin Ryzen 7000 an ƙera su su kai 95 suna aikinsu lafiya, yawancin na Intel kuma iyakarsu 100. Digiri 80 zuwa 85 a aiki mai nauyi ba abin tashin hankali ba ne.

Ga mai wasa, katin girafik ne ya fi fitar da zafi, amma BIOS yawanci zafin furosesa yake bi. Manhajar Fan Control ta Windows, wadda kyauta ce, tana ba da damar ɗaure fankokin akwati da zafin katin, ko da duk wanda ya fi zafi a cikin biyun. Idan kuma fankoki biyu da ke jere suna fitar da wani sauti mai kaɗawa yana zuwa yana komawa, gudunsu ne ya yi kusa da juna ƙwarai ba tare da ya zama ɗaya ba. A raba su soket, a bambanta gudun da kamar RPM 50 zuwa 100, sannan a bar manhajar duba zafi ta HWiNFO a buɗe na rabin awa ana aiki mai nauyi, a tabbatar zafin ya tsaya wuri ɗaya bai ci gaba da hawa ba.