Yadda ake gane jar agwagwa mai farin ido a fadamun Hadejia da Nguru

Da zarar Nuwamba ta kama, agwagin daji 'yan ci-rani kan cika fadamun Hadejia da Nguru. A cikinsu akwai wata 'yar jar agwagwa mai nutso, wadda masana ke kira Aythya nyroca. Ba ta yin ƙwai a nan. Sheƙarta tana tafkunan gabashin Turai, irin na bakin kogin Danube a Romaniya, da kuma tsakiyar Asiya. Sahara take ƙetarowa ta ci hunturu, wajajen Maris ta juya.

Kada a ɓata lokaci ana leƙen tsakiyar tafki. Ita ruwa marar zurfi take so, daga gwiwa zuwa ƙugu, inda bado ya shimfiɗa ganye kuma kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta yi shinge. Gandun tsuntsaye na Dagona a jihar Yobe da gefen tafkin Nguru wurare ne da suka dace a fara da su. A fita tun da asuba da madubin hangen nesa mai ninka gani sau 8 ko 10, a tsaya rana tana bayan mutum. In rana ta zo ta gaba, ko hazo ya yi kauri, jan jikin nan sai ya koma baƙi, mutum ya wuce ta bai sani ba. Sau da yawa da dare take kiwo, shi ya sa da hantsi sai a same ta kwance lamo tsakanin ganye.

A fara duba ƙarƙashin wutsiya, ba kai ba. Akwai fari fat a wurin, kamar an manna auduga, kuma shi ake hangowa tun daga nesa. Daga nan sai launi: namijin ja ne mai duhu kamar goro, bayansa ya fi duhu, idonsa fari tas. Macen launinta ya disashe zuwa ruwan ƙasa, idonta ma duhu gare shi, don haka wanda ya dogara da ido kaɗai zai rasa rabin garken. Tsawon jiki santimita 38 zuwa 42 ne. Baki toka-toka, da ɗan baƙi a tsini. In ta tashi, wani farin layi mai faɗi yana ratsa fiffike kusan har ƙarshe, cikinta ma fari.

Agwagwar dajin da ake kira kirinjijiya ce ta fi ruɗa sabon shiga, don ita ma tana da ja a ƙirji. Sai dai ita doguwar wuya ce da farar fuska, tana tsayuwa a gaɓa da dogayen ƙafafu, ga fito ba ƙaƙƙautawa. Jar agwagwa kuwa shiru-shiru ce, ƙafafunta suna can baya kusa da wutsiya, abin da ya sa ta iya nutso amma tafiya a tudu ke mata wuya. Kafin ta tashi sai ta ɗan yi gudu a kan ruwa tana fantsama shi.

Wajen ƙirga ne nutson ke kawo kuskure. Tana shiga ƙasa neman 'ya'yan ciyawa, saiwoyi, ƙwari da ƙananan dodon koɗi, ta ɓullo a wani wuri daban, sai a ƙirga ɗaya sau biyu ko a tsallake uku. A bi garken da madubi daga hagu zuwa dama sau uku, a rubuta adadi mafi yawa, maza daban mata daban, tare da kwanan wata da sunan wurin. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu ake yinta, kuma wannan agwagwa tana jerin tsuntsayen da suka kusa shiga haɗarin ƙarewa. In da kwalekwale aka shiga, a daina tuƙi tun da sauran tazara, a bar shi ya sulala da kansa, don motsin gora ɗaya ya isa ya kora su cikin kacalla.