Yadda Ake Binciken Mai Neman Aiki Kafin a Ɗauke Shi

Mai makarantar kuɗi ko mai kamfanin da zai ɗauki malami, direba ko ma'aji ya fara karɓar izinin mai neman aikin a rubuce kafin ya binciki komai a kansa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan wani nauyin adana su da amfani da su kan abin da aka karɓe su dominsa kaɗai.

Bayan haka a ɗauki lambarsa ta NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC, a gwada suna da ranar haihuwa da na sauran takardunsa. Saɓanin suna ba lallai ne ya zama ha'inci ba, domin a Arewa sau da yawa an rubuta wa yaro sunan garinsu a firamare, shi kuma ya koma amfani da sunan mahaifinsa daga baya. Takardar rantsuwa daga kotu tana warware wannan.

Takardun karatu su ne inda aka fi yin sakaci. Kwafin takarda ba hujja ba ne, kuma asalinta ma ana iya ƙirƙira, saboda haka a koma wurin da ya ba da ita. Sakamakon WAEC da NECO ana duba shi ta intanet, digiri kuwa sai a rubuta wa ofishin magatakardan jami'a, takardar bautar ƙasa kuma hukumar NYSC ce ke tabbatar da ita. Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna cewa Salisu Buhari ya sauka daga kujerar kakakin Majalisar Wakilai a 1999 saboda takardar Jami'ar Toronto ta bogi. Malami a nemi rajistarsa ta hukumar rajistar malamai ta TRCN, direba kuma a tantance lasisinsa a hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC.

Takardar shaidar hali ta 'yan sanda ana neman ta ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP, sannan a je a ɗauki hoton yatsu. Tana da amfani, amma abin da ya shiga kundin hukuma kawai take nunawa, alhali rigingimu da yawa ana kashe su ne a zauren mai unguwa.

Shi ya sa, a ganina, mai tsaya wa mai neman aikin ya fi kowace takarda nauyi, matuƙar an je an gan shi ido da ido, an san gidansa da sana'arsa, an kuma ji daga bakinsa cewa shi ne ya sa hannu. Tsohon wurin aikin mai neman aikin ma a nemi lambar wayarsu ta wata hanyar, ba wadda shi ya rubuta ba, a tambaye su ko za su sake ɗaukarsa da ya dawo. In wani abu mara daɗi ya ɓullo, a kira shi a ji ta bakinsa kafin a yanke hukunci.