Sababbin zuwa, ga inda lokacinku yake tafiya a cikin gida

'Yan'uwa barkanmu da warhaka, waɗanda suka sauka ƙasashen Turai da Amurka kwanan nan kuma barkanku da zuwa, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Na daɗe ina so in rubuta wannan, saboda duk sabon zuwan da ka gaisa da shi bayan 'yan watanni magana ɗaya ce a bakinsa, wallahi babu lokaci. Kuma gaskiya ya faɗa, don a nan kai ne mai girki kai ne mai wanki da shara, kai zaka kai yara makaranta ka ɗauko su, ga wurin aiki da ba ruwansu da uzurinka, agogo kawai suke kallo. Amma abin da na lura shi ne, aikin gida na yau da kullum ba shi ke cinye mutum ba, idan aka tsara shi yana tafiya. Abin da ke cinye makonni har watanni shi ne takardu da mai gidan haya, kuma nan ne kuka fi sakaci.

Bari in fara da masu sauƙin mu wuce su. Girki dai kowa ya iya nasa, ba zan koya wa kowa ba, abin da zan ce kawai ku daina ɗora tukunya kullum. Ku ware rana ɗaya ko biyu a mako ku yi mai yawa, ku raba a ƙananan robobi daidai cin zama ɗaya, ku manna salatif ku rubuta sunan abin da kwanan wata, in ba haka ba bayan wata guda duk kamarsu ɗaya a firiza sai kun buɗe kowanne. Kada abinci ya wuce awa 2 a waje kafin ya shiga firji, firjin kuma kada ya haura digiri 5, firiza digiri 18 ƙasa da sifili. Wanda za a ci gobe ko jibi ya zauna a firji, sauran duk firiza. Cefane kuma sau ɗaya a mako da takarda a hannu, ku liƙa takardar a jikin firji, duk wanda ya ƙarar da abu ya rubuta. Ku kuma tambayi ranakun da shaguna ke rufewa, a Jamus misali yawancinsu ba sa buɗewa ranar Lahadi, in ka bari sai ranar hutunka zaka yi cefane toh kana ruwa.

Wanki ma haka, kwando biyu, na farare da na masu launi, tun wurin cirewa kowa ya jefa inda ya dace, kaga babu zaman tsincewa ranar wanki. Digiri 30 ko 40 ya isa kayan sawa, tawul da zanin gado su ne na 60. Ku kunna inji kafin ku fara girki, yana yi kuna yi. Ranar kwashe shara ku sa ta a waya ta riƙa tuna muku tun daren jiya, ku kuma koyi wace bola ce ta me tun makon farko, domin in kun cakuɗa akwai inda za su bar muku abinku a ƙofa sai wani zagayen. Kada ku zuba man girki a sink, yana daskarewa a bututu ya toshe shi. Kada ku haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki wai don ya fi ƙarfi, iskar da ke fita guba ce. Masu tahowa da kayan wuta kuma ku duba jikinsu, Amurka da Kanada wutarsu bolt 120 ce, Turai 230, adafta bakin soket kawai take canzawa ba ƙarfin wuta ba. Shi ke nan wannan ɓangaren.

Yanzu takardu. Dan Allah dan Annabi ku riƙa buɗe wasiƙa ranar da ta zo. Na shiga gidajen sababbin zuwa ba ɗaya ba biyu ba na tarar da ambulan jibge a kan firji ko cikin leda bayan ƙofa, ba a ko yage bakinsu ba, ka tambaya a ce maka ai talla ce, ko a ce ba ma jin yaren ne muna jira wane ya zo ya karanta mana. A ƙasashen nan hukuma da wasiƙa take magana, asibiti da makarantar yara da kamfanin wuta da ofishin shige da fice duk haka, kuma kusan kowace wasiƙa mai muhimmanci tana ɗauke da wa'adi, ranar kaza ka amsa ko ka biya ko ka zo. Abin da zaka gama a minti 10 ranar farko, in wa'adin ya wuce ya zama tara, tara ta zama wasiƙa ta biyu mai zafi, daga nan sai kamfanin karɓar bashi ya shigo, sai ka ga mutum ya ɗauki hutun aiki yana zaune riƙe da waya ana sa masa kiɗa yana jiran a ɗauka, yini guda ya tafi, kuma ba a biya shi kuɗin wannan yinin ba. In yare ne matsalar, wayar da ke hannunka tana fassara hoto, ka haska takardar ka ga kanun maganar, ka nemo kwanan watan da ke ciki ka ja masa layi, sannan ka kira wanda ya daɗe ya duba maka.

Ku sayi fayil ɗaya babba mai rabe-rabe, gida daban, wuta da ruwa da intanet daban, lafiya, makaranta, aiki da haraji, takardun zama. Duk takardar da ta shigo, a buɗe, a ɗauki hotonta, a sa wa'adinta a kalandar waya, a jefa ta inda ta dace, duka bai kai minti 5 ba. Fasfo da katin zama da takardun haihuwar yara da ta aure ku ɗauki hotonsu ku ajiye a imel ɗinku, kuma ku sa ranar ƙarewarsu a waya ta tuna muku tun saura watanni, saboda samun ranar ganin jami'i kaɗai yana iya cin makonni. Miji da mata duk su san inda fayil ɗin yake. Wannan ina faɗa da babbar murya ga maza musamman, ba daidai ba ne kana wurin aiki an kira matarka daga makaranta ana neman katin rigakafin yaro ita kuma ba ta san ko a ina yake ba. Kuɗaɗen da ake biya kowane wata irin su haya da wuta da waya ku ba banki umarni ya riƙa turawa da kansa, ku saita ranar ta zama bayan shigar albashi da kwana biyu ko uku, amma ku riƙa leƙawa sau ɗaya a wata ku ga me aka cire. Sannan maganar canza adireshi, kowace ƙasa da dokarta. A Jamus mako 2 aka ba ka ka yi rajistar sabon gida kuma sai da takardar shaida daga mai gidan, a Amurka yawancin baƙi kwana 10 aka ba su su sanar da hukumar shige da fice. Ku tambayi ta inda kuke tun kafin ku ɗauki akwati, kuma ku sa sunanku a akwatin wasiƙa ranar da kuka tare, akwai wuraren da in babu suna mai kawo wasiƙa komawa yake da ita.

Toh sai mai gida, nan ne ni kaina na sha wuya, shi ya sa in na ga sabon zuwa ya karɓi makulli yana murna ya fara shigar da kaya sai in ji gabana ya faɗi. Tun ran gini tun ran zane. Kafin katifa ta shiga, ka zagaya gidan yana fanko da wayarka kana bidiyo, ɗaki ɗaki, bango, kafet, cikin kabad, ƙarƙashin sink, cikin oben, gefen tagogi, bayan ƙofa, silin ɗin banɗaki. Duk tabo duk tsagewa ka matsa kusa ka ɗauka. Ka ɗauki hoton mitar wuta da ta gas da ta ruwa yadda lambobin za su fito sarai, ka tura wa kamfanonin a ranar, in ba haka ba za su yi maka ƙiyasi ko su haɗa maka da bashin wanda ya tashi. Ka kunna hita ko da lokacin zafi ne ka ji tana aiki, ka buɗe kowane famfo, ka danna na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi ka ji ta yi ƙara. In sun ba ka takardar lissafin kayan gida da yanayinsu kada ka sa hannu a tsaye, ka bi ta layi layi, abin da bai yi daidai ba ka rubuta a jiki. Daga nan ka tura hotunan duka ga mai gida ko ejan ta imel a ranar, don kwanan watan ya zauna.

Wani gida da na taɓa zama, akwai baƙin tabo na danshi a kusurwar ɗakin kwana bayan labule tun ranar da na shiga, na nuna wa mai gidan da yatsa ya ce ba komai zai turo mai fenti, mutum mai fara'a har da tambayar iyali. Mai fenti bai zo ba har na tashi. Da na nemi kuɗin ajiyata, wato wanda na ba shi ya riƙe lokacin da zan shiga gidan, sai ga wasiƙa wai ni na lalata bango, za a cire kuɗin gyara da fenti da wankin kafet, mutumin da muke gaisawa da dariya ya koma kamar bai taɓa gani na ba, kira ba ya ɗauka, saƙo sai bayan kwanaki ya amsa da layi ɗaya. Na yi ta rubuce-rubuce da dare bayan na dawo aiki a gajiye, ina tono tsofaffin saƙonni ina neman inda maganar tabon ta fito, watanni ana abu ɗaya, ga sabon gida shi ma yana neman nasa kuɗin ajiyar. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shi ya sa nake cewa duk maganar da kuka yi da mai gida a baki ko a waya, kuna rabuwa ka bi shi da saƙo, kamar yadda muka yi magana yau, famfon kicin yana yoyo, ka ce za a zo ranar kaza. Ba rashin kunya ba ne, su kansu haka suke yi da junansu.

Ku kuma san haƙƙinku a kan kuɗin ajiyar nan. A Ingila tun 2019 ga yawancin gidajen haya ba a yarda ya wuce kuɗin hayar mako 5 ba, kuma dole mai gida ya saka shi a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30 ya kuma sanar da kai, in rigima ta tashi su ne za su duba hujjar kowa kyauta, kuma hujjar ita ce hotunan nan. A Jamus iyakarsa hayar wata 3 ban da kuɗin ɗumama da sauran ƙananan caji. Duk inda kuke kada ku ba da kuɗi a hannu babu rasit, kada kuma ku tura wa wanda bai nuna muku cikin gidan ba.

Maganar danshi kuwa ku ɗauke ta da gaske, ita ce rigimar da ta fi yawa tsakanin mutanenmu da masu gida. Sanyi ya sa kun rufe ko'ina, ana girki ana wanka ana shanya a ɗaki, duk ruwan nan cikin iska yake tafiya ya kwanta a bango mai sanyi, sai fumfuna. Ku buɗe tagogi gaba ɗaya minti 5 zuwa 10 safe da yamma ko da ana sanyi, ku kunna fankar kicin da ta banɗaki, ku rufe tukunya, ku ɗan janye kabad da gado daga jikin bango, ku goge ruwan da ke taruwa a gilashin taga da safe. Kuna ganin ɗigon baƙi ku ɗauki hoto ku sanar a rubuce, saboda wani lokacin daga ginin ne ba daga ku ba.

Abin da nake alfahari da shi a mutanenmu, ba a taɓa barin baƙo shi kaɗai. Na ga waɗanda suka tashi daga aikin dare ko barci ba su yi ba suka raka sabon zuwa ofis, na ga mata sun haɗu sun cika wa mai jego firiza, na ga ana karɓa-karɓa wajen ɗauko yara daga makaranta, wannan ta ɗauko yau waccan gobe, kowa ya samu sararin yin wani abu. Ku shiga cikin wannan, ku ma ku bayar da naku. Amma ku taimaka mana ku riƙa magana da wuri. Abin da ke ba ni haushi shi ne a gaya wa mutum ya ce toh insha Allahu, ya yi kunnen uwar shegu, sai ranar da wa'adi ya rage kwana ɗaya ya kira ka da tsakar dare hankali a tashe, ko ya bi maganar wani a guruf ɗin WhatsApp da ke wata ƙasa daban mai wata doka daban. In zaku zo a duba muku, ku taho da wasiƙar gaba ɗayanta har shafin baya, da yarjejeniyar haya, da lambar da aka rubuta a saman takardar, don ita waɗanda suka aiko wasiƙar za su fara tambaya in an kira su. Ranar da kuka yanke shawarar tashi daga gida kuma ku fara buɗe yarjejeniyar ku ga notis na wata nawa ta ce, ku ba da shi a rubuce, ranar fita ku sake zagaya gidan da bidiyo, ku ɗauki mitoci, sannan ku karɓi shaidar cewa kun miƙa makulli.