In za ki je wurin baje kolin kayan lambu, ki sa farin ƙyalle a jaka

Masu saƙa da ɗinkin hula da surfani, don Allah in an buɗe baje kolin kayan lambu a Katsina kar ku ce ai na manoma ne, ni can nike samo rabin zanen da nike ɗorawa a zanin gado.

Ki tafi da sassafe kafin rana ta sa ganye ya yi yaushi. Ki riƙe waya mai caji, da guntun farin ƙyallen auduga, da 'yan canji. Kar ki fara da sayayya, ki zagaya tukuna, ki ɗauki hoton abu kusa-kusa, jijiyar bayan ganyen kabeji, tsakiyar kuɓewa in an yanka ta, albasa da aka raba biyu, wallahi kuɓewar nan in kika jera ta a bakin hula sai an tambaye ki inda kika samo zanen.

Sai ki nemi inda dattawa suka shimfiɗa kayansu, galibi can gefe suke ba cikin rumfar manya ba. Ki durƙusa ki gaishe su, ki ce Baba wannan ramar ta miya ce ko ta igiya kuke nomawa? Zai faɗa miki yadda ake jiƙa karan a ruwa mako ɗaya zuwa biyu har ɓawon ya ruɓe zaren ya saki. In akwai mai auduga daga wajen Funtua ki ja ta da yatsa, mai dogon gashi ta fi daɗin kaɗi a mazari, ba ta yawan tsinkewa. Kaba kuwa ki lanƙwasa, in ta karye ki wuce.

Ƙyallen na gwajin launi ne. Ki murza abu a kai ki rubuta sunanshi a gefe da biro. Zoɓo zai ruɗe ki da ja mai kyau amma wanki biyu ya koɗe, gara karan dafi, shi ake rina fata da kabar tabarma da shi. Ganyen baba na rini kuma kar ki yanke mishi hukunci a wurin, sai an tsima shi da ruwan toka, ƙyalle ya fito kore-kore, iska ta buga shi sannan ya koma shuɗi.

Kafin ki fito ki karɓi lambar mai ramar, ki tambaye shi ran da yake cin kasuwa.